Mijinta Yana Bakin Ramin Gishiri

Abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba, a kaina ya sauka. Ban yi boko ba, allona ma bai wuce surorin salla ba, amma abin da idona ya gani a birnin Guangzhou yana nan bai goge ba.

Jego ne ya kai ni. 'Yata ta fari ce ta samu ciki ya zauna, bayan shekarun da har mun daina ƙirgawa, ɓari a kan ɓari, addu'a a kan addu'a. Tana can tare da mijinta, malamin jami'a ne da aka tura ƙarin karatu. A ƙa'ida ba ni ya kamata in je ba. A wurinmu uwa tana kunyar 'yar fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta zama hira da ita, ko kuka ta ji tana yi sai ta kau da kai wani ya ɗauka. Ƙanwata ce ta yaye ta, ita ta riƙe ta har aure, ita ce da hakkin zuwa. Amma masu ba da izinin shiga ƙasar suka ce ba su san wannan ba, sai wadda ta haife ta. Haka na ɗaure kanwata da yajina da busasshen ganye, na hau jirgi ina salati.

Gidan da suke haya yana cikin wani lungu ta wajen unguwar Sanyuanli, inda benaye suka matsu da juna har mai shanya a wannan taga zai iya miƙa wa na waccan tagar gishiri. Ɗaki biyu ne da ɗan madafi. Ku duba min, ni da surukina cikin ɗaki biyu. A gida sai mu shekara ban ga tsakiyar idonsa ba. A nan in zai wuce bayi sai ya yi gyaran murya, ni kuma in shige madafi in juya baya kamar mai neman wani abu a tukunya. Da safe ya durƙusa daga bakin ƙofa, idonsa a ƙasa, ya ce, "Inna, kun tashi lafiya?" In amsa wa bango. Shi ke nan maganarmu ta yini.

In yana so in san wani abu, matarsa yake gaya wa da ƙarfi yadda zan ji. In ina da tambaya, ita nake yi wa, ita ma ba da sunanta ba, sai dai in ce, "Ke." Da haka na san aikinsa.

Wata rana ya zo da wani dutse mai tsawo, mulmulalle kamar guntun taɓarya, launinsa toka-toka. Ya ce wa matarsa ta kai wa Inna ta lasa. Na lasa, gishiri. Ni kuwa 'yar mai gishiri ce. Mahaifina kantu yake sayarwa, wanda Buzaye ke saukewa daga raƙuma, a cikin warinsa na girma. Na ce, ke, tambaye shi, duk wannan nisan da aka yi, da jirgi da barin dangi, a kan gishiri ne? Ai da ya faɗa da na haɗa shi da 'ya'yan yayana a kasuwa.

Na ji dariyarsa daga falo, yana danne ta. Sai ya shiga bayani, matarsa tana tsakaninmu da cikinta a gaba kamar alkali.

Ya ce a wani lardi can arewa, tafiyar wuni a jirgin ƙasa mai gudu, akwai gishiri kwance a ƙarƙashin ƙasa, zurfin da in aka jera rijiyoyin garinmu duka ɗaya a kan ɗaya ba za su kai ba. Ba a haƙa shi da hannu. Bututu ake sokawa har ya iske shi, a tura ruwa mai daɗi, ruwan ya lashe gishirin, a zuƙo shi ya fito da zartsi, a sake tura wani. A yi ta yi, shekara ta zo ta wuce ana yi, har wani rami ya buɗe a ciki, mai ƙaramin wuya da faɗin ciki kamar tulu, wanda zai haɗiye masallacin Juma'a da hasumiyarsa bai ƙoshi ba. Ya ce ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa shiga, ba kuma wanda zai shiga. Ba a ganinsa, sai dai a aika na'ura ta saurara.

Na ce to ramin da ba a shiga, me za a ajiye a ciki? Ya ce iska. Gas ɗin da ake girki da shi, a tara lokacin da ba a bukatarsa sosai, a buɗe lokacin sanyi da kowa ke nema. Wani ramin kuma iskar Allah kawai ake dannawa a ciki lokacin da lantarki ya yi yawa, in ya yi ƙaranci a sake ta, ta fito da ƙarfi ta juya inji, wuta ta dawo. Na ce ashe rumbu ne. Ya ce wa matarsa, gaya wa Inna ta gama karatun, a ba ta takardar.

Abu ɗaya ne ban yarda ba. Gishirin da na sani, damina ɗaya ke cinye shi, yaya zai riƙe iska? Ya ce a can ƙasa, da nauyin duniya a kansa, gishiri ba ya yoyo. Ko ya tsage yana komawa ya haɗe a hankali, kamar tuwo mai zafi da aka soka da tsinke. Amma ba a yarda da rami sai an gwada shi. A danna masa iska, a rufe baki, a zauna ana duban allurar ma'auni, kwana da kwanaki. In ta tsaya cak, rumbu ya yi. In ta sauka ko kaɗan, akwai ɓaraka. Wannan zaman duban shi ne ƙarshen karatunsa, kuma sau ɗaya ake yi wa rami. In ya wuce shi, sai ya jira wani ramin ya nuna, kuma waɗanda suka turo shi ba za su jira ba. Ya ce burinsa ya koma gida da wannan sani, don a ƙasarmu ana ƙone gas a banza yana haska sama, mata kuma suna tsugune suna hura gawayi.

Ya kuma faɗi wani abu da ban ba shi muhimmanci ba a lokacin. A bakin ramin an kewaye da shinge, kuma ba a shiga da abin da zai iya yin tartsatsi. Ba ashana, ba waya. Kowa yana ajiye wayarsa a akwati a bakin ƙofa, ya canza tufafi, ya shiga, sai yamma ya fito.

'Yata ta haihu lafiya, mace. Aka yi suna a falon nan, 'yan kasuwar Kano da ɗalibai suka cika shi har matakala. Bayan suna da 'yan kwanaki aka aiko masa cewa ranar gwaji ta tsaya. Ya yi ta jan ƙafa, ita ce ta haɗa masa jaka. Ya durƙusa a bakin madafi ya ce, "Inna, ga amana nan." Na ce wa tukunya Allah ya kiyaye hanya.

Lokacin nan kuwa garin ya shiga wani yanayi da ban taɓa gani ba. Ba ruwan sama ba ne, amma bango yana zufa, ƙasa tana zufa, zanin jariri ya kwana biyu a igiya bai bushe ba. Ina dafa ruwan wanka a manyan tukwane biyu, ina dama kunu, ina gasa mata nama da yaji. Kullum da magariba ya kira, ta gyara murya ta ce masa lafiya lau, jaririya tana ta tsotso, yaya allura? Ya ce allura tana nan tsaye. Su yi dariya.

Ni dai na ga tana fari. Leɓenta ya koma kamar na wadda ta sha toka. In ta miƙe sai ta dafa bango. Ba a tambayar 'yar fari irin wannan kai tsaye, sai na ƙara mata hanta, na zuba ido. Ran nan na ɗaga murfin wani bokiti a bayan ƙofar bayi, na iske tsummoki a jiƙe, ba irin jinin biƙi da ke raguwa yana dushewa ba, ja wur, da gudaji. Na haihu, na karɓi haihuwa, na san wanda ake jira ya wuce da wanda ba a jira.

Na shiga ɗakin na tsaya a kanta. Na ce tun yaushe? Ta ce ya ɗauke ne ya dawo. Na ce a gaya wa Malam yau. Sai ta kama gefen zanina, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana rarrafe.

"Inna, don Allah kada ku faɗa. Saura kaɗan su gama. In ya ji, zai taho, in ya taho shi ke nan, shekarun nan duk sun zube. Ya yi haƙuri da ni da yawa. Ku bar ni in yi masa wannan."

Na ce to gobe da safe za mu asibiti, da saninsa ko ba da saninsa ba. Ta ce ta yarda. Da ya kira da magariba, ina jin ta tana ce masa lafiya lau.

Gobe ba ta jira mu ba. Da hantsi, na juye ruwan wanka ke nan, na ji faɗuwa. Na same ta a ƙasan bayi, jini yana bin tayil yana neman magudana. Na kira ta, ke, ke, idonta ya juye. Na saɓa jaririya a baya na ɗaure, na fita matakala ba takalmi.

A hawan da ke ƙarƙashinmu akwai wata Hajiya 'yar Kano, mai sarin kaya a kasuwar Canaan, tana zuwa ta yi wata biyu ta koma. Mace ce mai baki, kullum tana tsokanata wai na zo Sin na ƙi koyon cin abinci da tsinke. Ran nan kayanta za a ɗora zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha, na same ta a bakin ƙofa tana faɗa da masu turo dila. Ta dubi ƙafafuna ta ga abin da na taka. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta jefa wa shugaban masu dilar makulli, ta ce lawban, wato maigida, ya yi yadda ya ga dama, ta danna waya ta kira motar asibiti.

Motar ba ta iya shiga lungun ba. A kan gadon ɗauka aka fito da 'yata, ana ratsa kekuna da buhuna, mutane suna matsawa suna kallo. Ina biye ina riƙe da ƙafarta, ƙafar sanyi ƙalau.

A asibiti suka shige da ita, ƙofa ta rufe. Baƙo ko da ido makaho ne, ni ran nan har da kurma. Mutane suna wucewa da gudu, suna magana a kaina, ba kalma ɗaya da na kama. Jaririya ta farka tana neman nono. Na jijjiga, na jijjiga, na sa mata yatsa a baki, ta tsotsa ta gane ƙarya ce ta ƙara ƙarfin kuka. Wata tsohuwa 'yar ƙasar, mai jinyar wani, ta tafi ta dawo da kwalbar madara ta miƙo min. Ban san yadda ake godiya ba sai Hajiya ta ce in ce shiye-shiye. Na faɗa, na sake faɗa.

Aka ɗaura mata jini, aka ƙara. Aka yi allurai. Aka shiga aka wanke mahaifar. Duk Hajiya ce ke tsinto min labari da Turancinta na kasuwa. Can wajen azahar likitar ta fito, mace ce ƙarama, gaban rigarta duk ya ɓaci. Ta yi magana a hankali, tana zana abu a tafin hannunta. Na ga fuskar Hajiya ta canza.

Ta ce, Inna, wai guntun mabiyiya ne ya kafe a jikin mahaifa ya ƙi fita, ya yi saiwa. Sun gwada duk abin da suka sani, abin da suke zubawa ta hannu yana fita ta ƙasa. Abin da ya rage shi ne a cire mahaifar gaba ɗaya. In an cire, ba ta ƙara haihuwa. In ba a cire ba, ba su ce za ta kai yamma ba. Ita ba ta cikin hayyacinta, suna neman mijinta ya amince.

Na ce a kira shi.

Wayar 'yata tana hannuna, amma irin wadda ba ta buɗewa sai ta ga fuskar mai ita. Wata ma'aikaciya ta shiga da ita ta kara mata a fuska, ta dawo tana girgiza kai. Fuskar ta kumbura, ga abin shaƙar iska a kai, wayar ba ta gane ta ba. Hajiya ta nemo lambarsa wurin wani ɗan kasuwa da ya zo suna. Ta kira, tana shiga, ba a ɗauka. Ta kira, ta kira. Ni na san inda wayarsa take ƙara. Tana cikin akwati a bakin shinge, a kan tufafinsa na gida, shi kuma yana ciki ya zuba wa allura ido.

Hajiya ta ce mene ne sunan wurin? Ban sani ba. Wane gari? Ban sani ba. Na ce inda ake ajiye iska a cikin gishiri. Ta ce, "Inna, ƙasar nan fa ba Kurmi ba ce da za a ce layin masu gishiri." Ta faɗa tana hawaye. Ta kira wannan, ya ba ta wancan, har aka samu wani ɗan Zinder da suke karatu tare. Shi ya nemo malaminsu, malamin ya kira ofishin wurin. Wanda ya ɗauka ya ce mei yo, babu shi, yana ciki, a kira da yamma. Aka sake kira aka ce masa rai ne. Ya ce to za a tura mutum, amma sai ya ajiye wayarsa, ya canza kaya, ya taka da ƙafa, don mota ma ba kowace ke shiga ba, kuma bakin ramin da nisa.

Muka tsaya. Ban taɓa sanin tsayuwa tana da nauyi haka ba. Kowace ƙofa ta motsa sai in waiga. Na ga an wuce da jakar jini, na ga an sake wucewa da wata. Na yi duk addu'ar da na sani, ta ƙare, na koma farko. Na ce ya Allah, ban taɓa rungumar yarinyar nan ba. Na bar wa ƙanwata ita don kunya, ina kallonta daga nesa tana girma, ina cewa akwai lokaci. Kada ka karɓe ta a ƙasar da ban san ko ina maƙabartarsu take ba.

Likitar ta sake fitowa. Wannan karon ba ta yi zane ba. Ta ce in abin ya kai gargara za su yi ko ba izinin kowa, amma a lokacin ƙila jikin ba zai ɗauki aikin ba. Yanzu ne da sauran ƙarfi. Ta tambaya, wannan ba uwarta ba ce? Uwa ma ta isa.

Hajiya ta ja ni gefe. Ta ce, Inna, ki yi tunani. Wannan maganar miji ce. Mace ɗaya tak suka samu, kin san danginsa sun daɗe suna ƙunƙuni. Gobe za a ce uwarta ce ta je har Sin ta yanke wa ɗansu zuriya, ba da saninsa ba. Ita kanta mai jikin, kin san abin da ta sha kafin ta samu wannan. Ƙila mutumin ya kusa isa. Ƙara ɗan jira.

Gaskiya ta faɗa, ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba. A wurinmu in ka aurar da 'ya ka ba da ita ke nan, ko tafiya za ta yi zuwa gidanku sai da izininsa, balle a fitar da abu daga jikinta. Ni da ko ruwa ban taɓa miƙa masa hannu da hannu ba, ni ce zan yanke masa wannan? Na dubi wayar Hajiya, shiru. Na dubi likitar, tana duban ƙofar da ta fito.

Na ce a tambaye ta, in ƙanwarta ce a ciki, za ta jira? Hajiya ta fassara mata. Likitar ta girgiza kai.

Na ce su kawo. Ban iya rubuta sunana ba, sai suka kawo wani ɗan gwangwani mai jan tawada. Na dangwala babban yatsana na danna inda aka nuna. Bayan nan na zauna a ƙasa da jaririya a baya.

Da za su wuce da ita ɗakin aiki, gadon ya bi ta gabana. Na miƙe na kama ƙarfen. Na sunkuya a kunnenta na kira sunanta, sunan da aka raɗa mata, wanda bai taɓa fita daga bakina ba. Sau uku na kira. Ban sani ba ko ta ji.

Ba a daɗe da rufe ƙofa ba wayar Hajiya ta yi ƙara. Shi ne, yana haki kamar wanda ya yi gudu. Hajiya ta fara yi masa bayani, sai na miƙa hannu. Ta dube ni, ta ba ni.

Na ce, "Malam, ni ce. Jini ya ɓalle mata. Sun ce sai an cire mahaifa ko a rasa ta. An neme ka ba a samu ba. Na sa hannu, suna ciki yanzu. In laifi ne, nawa ne, kada ka nema a wurin kowa."

Ina jin iska tana kaɗawa a inda yake, da ƙarar wani inji daga nesa. Sai ya ce, "Inna, tana numfashi?" Na ce da ta wuce ni tana yi. Ya ce, "To ku roƙa mana Allah. Ga ni nan." Ya kashe.

La'asar ta yi, ta wuce. Na yi salla a lungun matakala, a kan kwalin da Hajiya ta samo. Ina cikin sujada ta ƙarshe na kasa ɗagowa. Sai da na ji hannu a kafaɗata. Hajiya ta ce an fito, jinin ya tsaya, amma ba su ce komai ba tukuna sai an ga yadda za ta kwana.

Ta kwana. Washegari da hantsi ya iso, da takalman aikinsa a ƙafa, ko jaka bai ɗauko ba. Ya durƙusa a gabana a tsakiyar mutane, wannan karon ban juya wa bango ba. Bai ce na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba. Ya karɓi 'yarsa ya riƙe, ya daɗe yana kallonta.

Sai a rana ta uku ta farfaɗo sosai. Ta ga mijinta a gefen gado, abin da ta fara tambaya shi ne allura. Ya ce ta bar zancen allura. Ta ce ka baro? Ya ce ya baro. Ta rufe ido, hawaye ya bi ta gefe ya shiga kunnenta. Daga nan ta kai hannu cikinta ta ji ɗinki, ta tambaya me aka yi mata. Ya gaya mata a hankali. Ta ce wa ya ba su izini? Na ga ya buɗe baki zai ce shi ne. Ban bari ba. Na matso na nuna mata yatsana, jan bai gama fita daga gefen farce ba.

Ta daɗe tana duban yatsan. Ta ce, "Da kun jira shi." Ta juya fuskarta bango.

Ramin ya riƙe iskarsa, haka aka gaya masa daga baya, allura ba ta sauka ba. Amma ba shi ya zauna a kanta har ƙarshe ba, sai aka ce ya jira wani ramin da ake kan wankewa. Waɗanda suka turo shi suka yi ta ja, da ƙyar suka ƙara masa lokaci, ya koma koyar da yaran 'yan kasuwa karatu da yamma don su ci abinci. Danginsa sun faɗi abin da Hajiya ta ce za su faɗa, har da ƙari. Ya tare wasu maganganun, wasu sun iso ni har gida.

Na zauna da su har izinina ya ƙare. Na yi mata wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, don ɗinki. Na dafa, na wanke, na goyi jaririya ina zagaya ɗaki biyun nan. Tana karɓar abin da na miƙa, tana cewa sannu, ba ta ƙarawa. Ba ta yi min rashin kunya ba ko sau ɗaya. Da ta yi, da ya fi min sauƙi.

Yanzu duk Juma'a tana kira. Jikata ta wajen ɗana ce ke riƙe min wayar. Ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata, ta ɗora yarinyar a gaban waya ta ce ta gaida kaka. Yarinyar ta yi wayo, tana haɗa Hausa da yaren can, tana ce min tsohuwa mai ƙwace miji, ina ce mata mummuna. Uwar tana daga baya, wani lokaci rabin fuskarta kawai nake gani, tana ninke kaya ko tana yanka albasa. Maganar ranar nan ba mu taɓa buɗe ta ba, ban kuma san ko za mu buɗe ba kafin in mutu. Ina dai kallon hannunta yana motsi a bayan yarinyar, har a ce kuɗin waya ya ƙare.